Hannu Biyar a Rumfar Aski

Ruwan ya sauko ne ranar Laraba da la'asar, kuma ba wani ruwan kirki ba ne, irin wanda ke jiƙa bayan tunkiya ya bar ƙasa da ƙishinta. Narelle Tregenza ta tsaya a ƙofar rumfar aski ta gonar Warrabinda tana sauraren yadda yake dukan kwano. Tumaki dubu ɗaya da ɗari huɗu suka rage ba a aske ba, ita kuma kwana biyu suka rage mata. Rumfar ba ta ɗaukar fiye da ɗari biyu a ƙarƙashin rufi. Sauran suna can waje cikin shinge, sun sunkuyar da kai, ulunsu na ta shan ruwa.

Wata bakwai ke nan da ta karɓi ƙungiyar masu askin daga hannun ubanta, Des, bayan shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Abin da ta gada ba wani abin a zo a gani ba ne: a-kori-kura biyu, tirelar girki, da masu aski mutum biyar. To amma mutum biyar ɗin nan su ne kamfanin gaba ɗaya. Gwanin askin tumaki ya yi wuya a ƙasar, kowane ɗan kwangila yana da lambar wayarsu, kuma abin da ya riƙe su wuri ɗaya shekara da shekaru shi ne aikin Warrabinda, mako shida cur a lokacin da ko'ina babu aiki. In Warrabinda ta suɓuce mata, su ma sun suɓuce. Abin da take tsoro ke nan tun ranar da ta karɓi makullan motar Des.

Manajan gonar, Brendan Oakes, ya tako cikin ruwan ya same ta a ƙofar. Shi Oakes ba mugu ba ne, ba kuma za ka ce mutumin kirki ba, mutum ne mai jadawali. Masu gonar suna can Melbourne, ko warin tunkiya ba su sani ba, su turo masa saƙo, shi kuma ya miƙa wa na ƙasa da shi da ɗuminsa.

"Motoci za su zo Asabar da sassafe su kwashi tumakin," in ji shi. "In kin gama ranar Juma'a, akwai kwangilar shekara uku a kan teburina, sa hannu kawai ya rage. In ba ki gama ba, akwai wani ɗan kwangila mutumin Victoria da ya ishe ni da waya. Ba ni na tsara haka ba, Narelle."

"To ruwan fa?"

"Ruwa ba ya cikin jadawalin."

Ya gyara hularsa ya koma ofis.

Des shekara talatin da ɗaya ya yi yana tafiyar da mutane da maƙogwaro. Bai taɓa ce wa wani ya gode ba, kowa jaki ne a bakinsa, in ya kori mutum kuwa shi da kansa ke jefo masa jakarsa waje. Narelle a cikin wannan ihun ta girma, ta kuma rantse ba za ta gaje shi ba. Ta tafi Adelaide ta yi shekara takwas a wani katafaren ɗakin ajiyar kaya, ma'aikata arba'in a ƙarƙashinta, an tura ta kwas sau ba adadi kan yadda ake jan mutane a jiki. Abin da ta dawo da shi a kanta shi ne, ma'aikaci in ka saurare shi, ka nuna masa kana ganinsa, zai yi maka aiki da zuciya ɗaya. Ta sayo manyan fankoki. Ta sa wa kowane gurbin aski igiyar rataya mai tallafe baya. Ta canja katifun ɗakunan kwana, waɗanda tun tana firamare ake kwana a kansu. Kullum da safe kafin ƙararrawa sai ta tara su na minti biyar, kowa ya faɗi abin da ke damunsa.

Sun yi mata tsiya a kan taron nan har sun gaji. Wiremu Paki, mutumin New Zealand, wanda ya fi kowa sauri a cikinsu, tunkiya ɗari biyu a yini ko haki ba ya yi, shi ke buɗe wasan.

"Uwar ɗaki, yau zuciyar wa za mu fara tambaya yadda ta kwana?"

"Taka za a fara," in ji Tahnee, mace ɗaya tilo a cikin masu askin. "Mu ji ko an samo ta."

"Ni dai a tambayi gwiwata," in ji Col, tsohon cikinsu. "Ita ke da ƙorafi."

Col tun kafin a haifi Narelle yake tare da Des, a kafaɗarsa ta fara leƙen rumfar aski, har yau Kawu Col take ce masa. Sauran biyun wa da ƙane ne, Kev da Dale Mulcahy, ba su cika magana ba sai a kan abinci.

Tsiyar dai a baki ta tsaya. Suna son ta, wannan ba a ɓoye yake ba, kuma aikin ya nuna. A wata bakwai ba wanda ya makara, ba wanda ya tafi, duk da wayar da ake ta bugo musu. In an bi gaskiya, tsarin nata ya ci.

Sai dai akwai abu ɗaya a rumfar aski wanda ba na ɗan kwangila ba ne, ba kuma na mai gona ba. Wanda ya rungumi jiƙaƙƙiyar tunkiya tsakanin cinyoyinsa yini guda ya san abin da ke biyo baya: tururin ulu ya cika masa ƙirji, ruwa da maiƙo su shiga fata su fito da maruru, gaɓoɓi su riƙe. Saboda haka in an yi ruwa, kowane mai aski zai aske tunkiya biyu ya ji da jikinsa, sannan a ba shi guntun takarda ya rubuta jiƙe ko bushe, ya naɗe ya jefa a gwangwani. Mai girki ke ƙirgawa. In jiƙe ta yi rinjaye, an kashe inji sai gobe, ranar ta tafi, babu wanda ya samu ko senti. Des ya zagi gwangwanin nan da duk zagin da ya iya, ya taɓa taka hularsa a kansa, amma ana fito da shi yake ficewa daga rumfar.

Narelle ta san wannan duka, ai a ciki aka haife ta. Ita dai a nata ganin, gwangwanin na zamanin da ne, lokacin da ake korar mutum don ya ce tumaki a jiƙe suke. Inda ake tsoron shugaba, nan ake buƙatar ɓoye ƙuri'a. Ita kuwa wa ke tsoronta?

Alhamis ta waye da rana mara ƙarfi da 'yar iska. Zangon farko na safe suka cinye ɗari biyun da suka kwana a rufe. Ana hutun shayi karnuka suka koro na waje. Narelle ta shiga cikinsu ta tura yatsu cikin ulun wata: sama da danshi, kusa da fata a bushe. Ta gwada wata, haka. Ta gwada ta uku, wannan kam kafaɗarta da sanyi har ciki. Irin tumakin nan ne da mutum biyu masu gaskiya za su taɓa su saɓa.

Kowa ya aske bibbiyu, aka kashe injuna. Noelene mai girki ta fito da gwangwanin a hammata, tsohon gwangwanin shayi da aka tsaga murfinsa, da guntayen takarda biyar da fensir. Ta ajiye a kan teburin ware ulu ta ja baya ta harɗe hannu. Matan da ke kwashe ulu suka fita waje shan iska, don abin ba nasu ba ne.

Narelle ba ta fita ba. Ta matso ta ɗora tafinta a kan murfin gwangwanin, ba da wata manufa ba, yadda dai mutum ke dafa tebur in zai yi magana.

"Kafin ku rubuta, ina so ku san komai," ta ce. "Ban taɓa ɓoye muku wani abu ba, ba kuma yau zan fara ba."

Ta faɗa musu maganar motocin Asabar, da kwangilar shekara uku, da mutumin Victoria. Ba ta ƙara gishiri ba, ba ta kuma yi muryar tausayi ba. A kwas ɗin an koya musu cewa ma'aikaci babba ne, a ba shi gaskiya ya yanke da kansa, kuma ta yi hakan tsaf.

"Ban faɗa don in matsa muku ba. Jikinku ne, ku kuka san abin da kuka ji. Duk abin da kuka yanke, ina bayanku."

Fankokin nata kawai ke juyawa.

"Kuma ni dai a ganina mun wuce wannan." Ta ɗan bubbuga murfin da yatsa. "Mu shida ne fa, tebur ɗaya muke cin abinci. In akwai mai ganin a jiƙe suke, ya faɗa mu ji dalilinsa, ba wanda zai ga laifinsa. Ko ba haka ba?"

"Narelle," in ji Noelene, "takardun ga su nan a yanke."

"Na gani, Noelene, na gode. To, wa ke ganin a ci gaba?"

Kev Mulcahy ne ya fara ɗaga hannu. Shi Kev 'ya'yansa huɗu, kuma ko daga cikin kogi ka tsamo tunkiya ka miƙa masa, bushe zai ce. Dale ya kalli wansa, ya ɗaga. Biyu ke nan. Wiremu ya ɗauki buroshi ya shiga goge haƙoran injinsa kamar yanzu ya lura da dattin. Tahnee ta sami wani ƙusa a bango ta zuba masa ido.

Narelle ba ta yi niyyar kallon kowa ba. Amma ido ba ya tsayawa a iska, nata sai ya sauka a kan Col. Ta yi masa ɗan murmushi, irin wanda take yi masa tun tana ƙarama in tana so ya saya mata alewa a shagon hanya. Col ya yi tari. Ya goge tafukansa a wando, wandon kuwa ya riga ya yi baƙi a cinya da ruwan tunkiya biyu kacal. Sannan ya ɗaga hannu, bai kai sama ba, ya tsaya daidai kunnensa.

Hannun Col bai gama tsayawa ba na Wiremu ya tashi. Tahnee ta bi.

Hannu biyar. Daɗi ya kama Narelle har sai da idonta ya ciko, ta juya don kada su gani. Shekara talatin da ɗaya Des bai taɓa samun biyar cif ba, ita ga shi ta samu ba ihu, ba zagi, a fili kowa na kallon kowa. Ta ji a ranta cewa abin da ta daɗe tana faɗa wa uban nata ne ya tabbata, da ma yana nan ya gani.

"Na gode muku," ta ce. "Na gode ƙwarai."

Noelene ta ɗauki gwangwaninta da takardunta ta koma tirela. Ranar da rana dire faranti ta yi ta yi a gaban mutane, naman ragon ma ya sha wuta fiye da kima.

Aka ja igiyoyin kunnawa, injuna suka tashi. Har azahar tururi na tashi daga ulun, wandunan duk suka manne a jiki. Can wajen ƙarfe biyu iskar ta yi aikinta, waɗanda aka koro daga baya sun bushe ƙarau, Juma'a kuwa ko maganar danshi babu. Sun yi aiki kamar ana bin su. Wiremu ya yi ɗari biyu da goma sha ɗaya ranar Alhamis, abin da bai taɓa yi a Warrabinda ba. A taron safiyar Juma'a ba wanda ya yi tsiya, ba wanda ke da ƙorafi, kowa lafiya lau. Narelle ta ɗauka gajiya ce. Ta ji tarin Col ya sauka ƙasa-ƙasa cikin ƙirji, ta tambaye shi, ya ce ƙurar ulu ce.

Ranar Juma'a ƙarfe biyar saura kwata aka tura tunkiya ta ƙarshe waje tsirara. Oakes ya zo da takardun a cikin leda, da katan biyu na giya, kamar yadda ake yi in an kammala rumfa. Ta sa hannu a kan murfin a-kori-kura.

"Na faɗa wa mutanen Melbourne za ki iya," in ji shi. Bai faɗa musu komai ba, amma ba ta damu ba.

Noelene ta hura gawayi ta jera tsiran nama da albasa. Kev ya riga ya kama biredi na uku. Narelle na buɗe gwangwanin giyarta ta ji Wiremu daga can gefen motarsa.

"Uwar ɗaki, zo ki riƙe min bakin igiyar nan."

Ta je ta riƙe. Sai a nan ta lura da lodin. Ba jakar ƙarshen mako ba ce kawai. Akwatin kayan askinsa na ciki, da igiyar ratayarsa, har da ƙaramin firjin da ya shekara huɗu yana zaune a tirelar girki.

"Ba zan zo aikinmu na gaba a gonar Hallett ranar Litinin ba," ya ce, yana ƙulla igiyar. "Na karɓi aiki wajen wani ɗan kwangila a Queensland."

Abin da aka koya mata a kwas ya zo mata baki. "Nawa ya ƙara maka? Faɗa min mu zauna mu duba."

"Ko senti bai ƙara ba. An ce ma bakinsa ya fi na babanki ƙazanta."

"To me na yi?"

"Jiya."

"Jiya ai har da kai aka ɗaga hannu."

"Na ɗaga ne don kada ya zama hannun tsoho Col ne kaɗai ya ba ki rinjaye. Kin ga wandonsa? Kin ji ƙirjinsa?"

"Ai sai ka yi magana, Wiremu. Na ce duk mai ganin a jiƙe suke ya faɗa."

"Ni ban ga a jiƙe suke ba." Ya ja igiyar ya ɗaure. "Da an ba ni takarda, bushe zan rubuta. Tahnee ma na tambaye ta, bushe. Da kin ci huɗu da ɗaya. Tsoho ya jefa abin da ya ji a jikinsa, mu yi kamar ba mu san na wa ba ne, ya tashi ya kama aikinsa da mutuncinsa."

Ashe da Narelle ta fita ta tsaya a waje na minti uku, da komai ya zo mata yadda take so. Haushi ya fara taso mata, ta rasa wanda za ta ɗora wa.

"In haka ne me ya canja? Ai duk ɗaya ne, aikin za a yi."

"Babanki in na jefa masa jiƙe, tafiya nake in yi barcina, shi ya yi ta zagin gwangwani. Ban taɓa jin nauyinsa ba ko na rana ɗaya. Ke kuwa kin sayo fanka, kin san sunan 'yata, ke kika kai uwar Tahnee asibiti. Ta ina zan kalli idonki in ce a'a? Ba zan iya ba, na gwada jiya na gani. Wata rana za a koro su sharkaf, ki tsaya ki yi mana murmushi, in ga hannuna a sama. Baya ɗaya gare ni, uwar ɗaki, kuma ina so ya ƙara yi min shekara goma."

"Zan dawo da gwangwanin. Daga yau in an fito da shi, waje zan yi."

"Na sani, ai ke ba ki da taurin kai. Amma ranar da aka ƙirga aka ga jiƙe uku, za ki zauna da mu a tebur kina tunanin su wane ne. Ba fushi za ki yi ba, ciwo za ki ji, mu kuma mu kasa haɗiye abinci. Ni dai na fi son ubangidan da zan iya ƙi."

Ya karɓi bakin igiyar daga hannunta, ya ce ta gaida Des.

Tahnee ba ta yi dogon bayani ba. Ta zo da jakarta a kafaɗa, ta rungume Narelle sosai, ta ce a duk waɗanda ta yi wa aiki ba ta taɓa samun mai kirkinta ba, kuma da gaske take. Sannan ta jefa jakar a bayan motar Wiremu ta shiga gaba. Narelle ta tsaya da giyar da ba ta kurɓa ba tana kallon jar ƙurarsu. Haushin ya wuce, kunya ce ta rage, mai nauyi.

Asabar ta wuni a waya. Duk mai askin da ta sani daga Broken Hill har iyakar Victoria ta kira, kowa an riga an kama shi har bayan Kirsimeti. Lahadi ta je gidan jinya wajen Des, ta buɗe masa kwangilar a kan cinya. Ya daɗe yana kallon wajen da aka rubuta shekara uku. Bakinsa ya karkace, magana da ƙyar take fita, amma ya tattaro kalma ɗaya.

"Wiremu?"

"Yana gaishe ka," in ji ta, ta gyara masa bargo.

Tana hanyar komawa saƙon Dale ya shigo. Ya ce ta yi haƙuri, yana so ya bi Wiremu ya koyi sauri tun yana da ƙarfi, kuma Kev ya sani.

Rumfar gonar Hallett gurbi biyar gare ta, kamar ta Warrabinda, mai gonar kuma ya cika shinge da tumaki daidai aikin mutum biyar. Litinin ƙarfe bakwai motoci biyu ne a gindin bishiya. Kev na can ƙarshen layi yana cin wani abu daga takarda. Col na zaune a kan akwatinsa a gurbin farko yana ɗiga wa injinsa mai, ya miƙe ƙafa ɗaya gefe yadda mai maruru a cinya ke yi.

Narelle ta tsuguna kusa da shi. Kwana uku tambayar na cin ta.

"Kawu Col, da an ba ka takarda, jiƙe za ka rubuta?"

Bai ɗago ba. Ya juya injin, ya ɗiga mai a ɗaya gefen.

"Ba a tambayar wannan, 'yar Des. Har yanzu ba ki gane ba."

Fuskarta ta ɗauki zafi. Ta so ta ba shi haƙuri, ta ga ko haƙurin ma wani nauyin ne za ta ɗora masa ya ce ba komai. Ta jira har ya gama ya rufe kwalbar man.

"Kai ba za ka tafi ba?" ta ce a hankali.

"In je ina? Shekarata sittin da uku, ƙirjin nan kin ji shi. Wa zai ɗauke ni?" Ya dafa ginshiƙi ya miƙe, ya jira tarin ya wuce. "Je ki buga ƙararrawa, bakwai da rabi ta yi."

Ta je ta buga. Col ya shiga shinge ya jawo tunkiyar farko da baya-baya, Kev ma ya jawo tasa can ƙarshen layi, gurbi uku a tsakaninsu babu kowa.